Bakin da 'Yata Ta Yarda da Shi

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, babba da yaro. Surukata, mahaifiyar mijina, ta rasu wata Talata da hantsi a tsakar gidanmu da ke Jiddari Polo, kaskon turarenta yana kan wuta. Kafin a kira azahar an kai ta makwancinta.

Jama'a sun zo har na yi mamakin inda tsohuwa mai kaifin harshe irin nata ta tara su. Ƙawayenta na cikin Yerwa suka cika falo da laffaya, duk wadda ta shigo sai ta riƙe hannuna ta ce, "Nda kanadi?" wato ya haƙuri, ni kuma in amsa da gurgun Barbarcina, wanda shekara goma sha ɗaya na aure ba su miƙar da shi ba. Wata a cikinsu, mai haƙora jajaye da goro, ta shaƙi iskar ɗakin ta ce, "Shi ke nan, turare ya mutu a garin nan. Sauran duk hayaƙi ne." Wata kuma ta ce marigayiyar ta taɓa wanke ta tas a gidan biki shekara talatin da suka wuce, kuma har yau ba ta ga inda faɗan ya kauce wa gaskiya ba. Mai kawo mana ruwa a kura ya tsaya a bakin ƙofa yana share ido da hularsa. Matan sojoji na layinmu kuwa suka ware gefe guda, kukansu ya fi na kowa, ni kuma na san rabin kukan nan ba na marigayiyar ba ne. Irinmu in muka samu gidan makoki, wanda muka daɗe muna haɗiyewa muke saukewa.

Ba zan kama sunanta ba. Suruka ce, ga shi kuma sunan nata 'yata ta fari take ɗauke da shi, bakina ya yi nauyi ta fuska biyu. Ya muke ce mata, yadda 'ya'yanta suke kiranta da harshensu, wato uwa.

A cikin hidimar wannan rana muka manta da yarinyar. Wallahi mantawa muka yi. Tana makaranta aka yi rasuwar, tana makaranta aka yi wanka da sallah, babu wanda ya ce a je a ɗauko ta. Wajen ƙarfe biyu mai keken da ke kai su ya sauke ta a bakin layi. Abin da ta fara gani shi ne tabarmi a ƙofar gidanmu, maza a zazzaune, da wani maƙwabcinmu soja da ya biyo daga wurin aiki ya yi ta'aziyya cikin kakinsa. Mahaifinta kuwa soja ne, yana daji, ranar kwana goma sha tara rabon da mu ji muryarsa. Babu ɗan soja a garin nan da bai san abin da tabarma da kaki suke nufi a ƙofar gida ɗaya ba.

Ta shigo da jaka a baya, ko takalmi ba ta cire ba. Ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta nufi ɗakin kakarta ta ɗaga labule, ta tarar da baƙin mata. Ta dawo tsakar gida ta tsaya.

"Yaushe?" ta ce, ba ta dubi kowa ba.

Yayar mijina ce ta fara gane inda ta dosa. Ta yi maza ta ce, "A'a, a'a! Ba babanki ba ne. Kakarki ce Allah Ya yi wa rasuwa."

"Alhamdu lillahi," in ji 'yata, da ƙarfi, a gaban mata sun fi arba'in.

Wata ta tafa hannu ta ce, "Subhanallahi! Wannan wace irin tarbiyya ce?" Sai a lokacin yarinyar ta ji abin da ya fito daga bakinta. Ta sa hannu biyu ta toshe shi, idanunta suka yi waje. Daga nan ta rufe bakin ruf, ba magana, ba abinci. Shekararta tara. Saboda matan da suka tafa hannu nake wannan rubutu, ina so su san wadda ta rasu, su kuma san abin da yarinyar ta rasa.

Ni 'yar Kanawa ce, a garin nan aka haife ni, mahaifina yana sayar da yadi. Da aka kawo ni gidan Ya, abin da ta fara yi shi ne ta kama gefen mayafina ta shinshina, ta saki, ta ce wa ɗanta, "Kyakkyawa ce, amma ƙamshin kanti take yi." Hausarta ba ta san mace da namiji ba. "Kai amarya, zo ka ɗauki tsintsiya," haka take ce mini har ta bar duniya. A nan na gyara mata maganganunta, don in na rubuta su yadda take faɗa, za ku yi dariya a inda ba na dariya ba.

Turaren wuta ne sana'arta, ta gada daga uwarta. Takan zauna a gindin dogon yaron da ke tsakar gida da kayan haɗinta, kajiji da hawi da farce, ta daka wannan, ta jiƙa wancan, ta narka sukari a kasko ta soya itacen turaren a ciki, ba awo ba komai, hanci kawai. Amaren unguwa uku ne suka shiga ɗakunansu da ƙamshin hannunta. Ba ta iya yabo ba. In miyata ta yi daɗi sai ta ce, "Yau ba laifi, wa ya taya ki?" Maganin hawan jininta kuwa a ƙarƙashin katifa nake tsintarsa, ta ce likitan yaro ne, ta girmi uwarsa. Ta san ƙarar kowane makami da ake harbawa a gefen garin nan tun shekarun da muka sha wuya. In igwa ta yi tsawa daga wajen bariki, kowa ya zabura, ita ko kai ba ta ɗagawa daga turmi, sai ta ce, "Wannan fita ce. Namu ne." Sau ɗaya na ji ta ce, "Wannan ba namu ba ne, ku shiga ɗaki," kuma ba namu ba ne.

Mijina, autanta, soja ne tun kafin mu yi aure. Shekara biyu da suka wuce aka tura su can wajen tafki. Daga nan zuwa can ba wata tafiya ba ce a mota, amma sau uku kacal ya samu fas ya zo gida. Inda suke babu sabis, sai ya hau saman mota ko wani tudu ya ɗaga waya sama, in an dace ta shiga. Wani lokaci bayan kwana biyar, wani lokaci bayan ashirin. Kuma duk ranar da ta shiga, kafin ya tambayi lafiyata, abin da yake fara cewa shi ne, "Ba ni Ya."

Ƙaramin ɗana, mai shekara huɗu, nasa mai sauƙi ne, ko in ce mai sauƙin gani. Zuwan mahaifinsa na ƙarshe ɓuya ya yi a bayan zanina, yana tambaya wane ne wannan baƙon da ya zauna a kujerar Baba. Uban ya yi dariya, ya shiga banɗaki ya daɗe bai fito ba.

Yayarsa ce abin ya ci a hankali, ba mu ankara ba. Da ciwon ciki ya fara, kullum safiya in za a tafi makaranta. Sai fitsarin kwance ya dawo, abin da ta bari tun tana shekara uku. Sai na lura gashin gefen kunnenta yana ƙarewa, ashe da kanta take tsigewa, ba ta ma san tana yi ba. Wayata ta zama amanarta. In cajin ya ragu kaɗan sai ta rikice, ta ɗauka ta zaga maƙwabta masu sola tana roƙo. In jirgi mai saukar ungulu ya wuce ta samanmu ya nufi wajen asibiti, sai ta ajiye cokali, an gama cin abinci ke nan. Na kai ta asibiti aka yi gwaji iri-iri, likita ya ce cikinta lafiya ƙalau, damuwa ce. Na dawo gida ina faɗa. Wace damuwa ga 'yar da ko tukunya ba ta taɓa ɗorawa ba? Wata maƙwabciya ta ce shafar iska ce, a nemo rubutu. Ya tana jinmu, tana tsince kajiji a faifai.

"A ba ta rubutun, sunan Allah ba ya cutarwa," ta ce. "Amma ba aljani ke damunta ba. Uba ke damunta."

Dole in faɗi laifina a nan. A gidanmu na taso da kunyar ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a rungumarsa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Haka aka yi mini, haka na yi wa 'yata, ina ganin tarbiyya ce. In ta zo ta tsaya kusa da ni sai in aike ta. Sannan na ɗora mata ƙarya a kai. Ranar da za a tafi da mahaifinta na ce mata kwas aka tura shi Kaduna, karatu kawai yake yi a aji irin nata. Duk tambayar da ta yi mini amsata ɗaya ce: lafiya lau, ki je ki yi wasa. Na ɗauka rufa mata asiri nake yi. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, musamman a layin da rabin yaransa 'ya'yan sojoji ne. 'Yan ajinsu sun san inda uban kowa yake. Akwai ƙawarta da aka zo aka ɗauka ana tsakiyar darasi, aka ce mata unguwa za su je, ashe gawar mahaifinta aka kawo. Wata biyar 'yata tana sane, tana kallona ina ce mata Kaduna.

Wata rana da la'asar na fito daga kicin na ji su a gindin bishiya.

"Kaka, Baba yana Kaduna?"

"A'a, feroni," in ji Ya, wato yarinyata. "Yana daji, wajen ruwa. Yaƙi suke yi."

"Ana mutuwa a wurin?"

"Ana mutuwa. Ana kuma dawowa. Masu dawowa sun fi yawa, da idona na gani."

Na jira yarinyar ta shiga ɗaki, na zo na tsaya a kan Ya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce ta rusa mini abin da na yi wata biyar ina ginawa. Na ce yarinya tana fama da kanta, ita kuma ta ƙara mata kaya. Har na ce, Allah Ya yafe mini, 'yata ce, ni na haife ta.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ture faifan gefe ta ce, "Ke kika haife ta, ni na haifi wanda take tsoron rasawa. Zauna." Na ƙi zama. Ta ce, "To tsaya. Labarin zuciya a tambayi fuska. Bakinki yana cewa Kaduna, fuskarki tana cewa daji. Wanne kike so ta ɗauka? Kin bar ta ita kaɗai da abin, ko wanda za ta tambaya babu. In kin saba ce mata lafiya lau ranar da ba ki sani ba, ranar da kika sani da me za ki faɗa mata?"

Kwana uku ban yi mata magana ba in ban da gaisuwa. Ita kuma ta rama da cewa burabuskona ya yi tsakuwa. Shi ne faɗanmu na farko, shi ne kuma na ƙarshe.

Daga ranar suka ɗauki wata al'ada. Kullum bayan sallar la'asar yarinyar za ta je ta zauna kusa da turmi ta ce, "Kaka, akwai labari?" Ya ta ce babu. Ta ce, "Yana da rai?" Ya ta ce, "Ranar Alhamis da ya kira yana da rai, da kunnena na ji shi. Na yau Allah ne Ya sani, ni ban sani ba." Ta ce, "Kina jin tsoro?" Ya ta ce, "Ina ji. Kawo naki mu haɗa." Sai ta miƙa mata taɓarya su yi ta dakan kajiji har a kira magariba. Ni ina kicin ina jiran in ga wannan ɗanyen magani ya ƙarasa mini 'ya. Sai ga shi ciwon cikin ya ragu. Ba warkewa ta yi ba, kar in yi ƙarya a kan mamaciya. Tana tsige gashin har yanzu in kira ya yi nisa. Amma tana zuwa makaranta, tana cin abinci, in dai daga bakin kakarta ta ji labarin ubanta. Ni in na ce wani abu, ko da farashin tumatir ne, sai ta waiga ta dubi Ya.

Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma tsohuwar nan ba ta taɓa yi mini gori ba. Akwai lokacin da aka yi sati uku babu kira, ga jita-jita ta cika layi cewa an kai wa wani sansani hari. Ta same ni a kicin ina tsaye, ban san me na shigo yi ba. Ta tafi ta dawo da albasa cike da kwano ta ajiye a gabana, ta ja mini ƙofa. Na yanka albasar da za ta ishi gidan suna, na yi kukana na ƙoshi. Sau uku ta yi mini haka. A na huɗu ta leƙo hannu wofi ta ce, "Albasa ta yi tsada. Ki fito ki yi a fili, yarinyar ba za ta narke ba." Na kasa, na ci gaba da rufe ƙofa.

Ita ma ba dutse ba ce. Duk motar da ta tsaya a layinmu sai hannunta ya tsaya a kan taɓarya har sai ta ji an wuce. Hular da ɗanta ya cire ranar tafiya tana rataye a ɗakinta, ta hana a kai wanki. Na tabbata jiran nan ne ya cinye ta, ba shekaru ba.

Ranar Talatar ina shanya a baya sai na ji ƙaurin sukari. A shekara goma sha ɗaya ban taɓa jin sukari ya ƙone a hannunta ba. Na zagayo da gudu, na same ta jingine da bishiya, ludayi a hannu, ta riga ta tafi.

Da aka dawo daga maƙabarta, wan mijina, wanda yara suke kira Baba Babba, ya tara mu. Mutumin kirki ne, shi ya riƙe gidan tun rasuwar mahaifinsu. Ya ce ba a faɗa wa mai riƙe da bindiga mutuwar uwarsa ta waya. Ya ce haka aka yi wa wane da wane, aka bari sai da suka zo fas, aka zaunar da su, aka ba su ruwa, sannan aka faɗa. Duk wanda ya ɗauki kiran ya ce tana barci, ko ta je unguwa. Dattawa suka ce daidai ne. Ni ma na ce daidai ne, don har ga Allah ina tsoron hankalinsa ya rabu a inda rabuwar hankali take kisa.

'Yata kuwa tana kwance a kan gadon kakarta, fuska ga bango. Kunu, shayi, lemo, babu wanda ta taɓa, sai ruwa da ƙyar. Na zauna a bakin gadon na ce mata babanta yana nan lafiya. Ta juyo ta dube ni, ta mayar da fuska bango. Ba ta ga gawar ba, ba ta ji muryar uban ba, wadda za ta tambaya kuma babu. A rana ta biyu na ba ta wani labari da Ya ta taɓa ba ni a asirce. Lokacin da aka zo layinmu da labarin mutuwar ɗan wata maƙwabciya, motar sojojin ta fara tsayawa a ƙofarmu bisa kuskure, sannan ta ƙara gaba. Ya ta ce mini hamdala ce ta fara fita daga bakinta, ta yi sati tana istigfari. Na ce wa yarinyar, "Kin ga, ita ma ta taɓa yi. Ba za ta riƙe ki ba." Kafaɗunta suka motsa, na san tana kuka. Amma na gane tana auna ko wannan ma na ƙirƙira ne. Leɓenta ya bushe ya tsage. Yayar mijina ta ce in aka kai gobe haka sai dai a kai ta a sa mata ruwa.

Ranar sadakar uku, wajen ƙarfe sha ɗaya, ana tsakiyar rabon abinci, wayata ta yi ƙara. Kafin in miƙa hannu yarinyar da ta kwana biyu a kwance ta fito tsakar gida tana tangaɗi. Wan mijina ya riga ni karɓa. Ya ɗaga hannu mata suka yi shiru, ya gyara murya.

"Auta! Kəlewa, kəlewa, lafiya lau wallahi. Kowa lafiya. Ya? Yanzun nan ta fita, ta je gidan suna a unguwar Mairi. Ka san ta da yawo." Har da dariya.

Na dubi 'yata. Ta ji muryar mahaifinta daga nesa, ya kamata in ga farin ciki a fuskarta. Ba wayar take kallo ba. Bakin Baba Babba take kallo, yadda maganar take fita sumul, ba gargada, ga tabarmin makoki a ƙarƙashin ƙafarsa. Sannan ta bi matan da ke zaune da ido, kowace ta sunkuyar da kai, gida guda an haɗa baki. Sannan ta dube ni. Na san lissafin da take yi. In za a iya yi wa babban mutum haka a kan uwarsa, me zai hana a yi wa ƙaramar yarinya a kan ubanta?

Wan mijina ya miƙo mini wayar, ya ɗora yatsa a leɓensa.

Muryar tana zuwa tana yankewa, iska tana bugun wayar. "Ke ce? Ya yara? Ki ce wa Ya ta daina yawo a rana, ina nan ina..."

"Ka saurare ni," na ce. "Ka zauna in kana tsaye a kan wani abu. Allah Ya yi wa Ya rasuwa ranar Talata. Ba ta sha wuya ba, tana aikinta. An yi mata sutura, jama'a sun taru. Yau uku."

Wata ta yi salati. Wan mijina ya dafe kai. A wayar babu komai sai iska, har na ɗauka ta yanke. Can na ji ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," sau uku, na ukun da ƙyar ya fita. Sai ya ce, "Ba ni takwararta."

Ta karɓa da hannu biyu. Ban ji abin da ya ce mata ba. Ita dai ta ce, "Na'am, Baba. Na'am. Baba, ni ma." Sai sabis ya ɗauke.

Wan mijina bai yi mini ihu ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya zo kusa ya ce a hankali, "Maman yara, kin yi abin da kika ga dama. Yanzu in hankalinsa ya rabu wani abu ya same shi, ke kika sani." Ya fita wajen maza. Rabin dangin har yau gaisuwa kawai ke tsakaninmu, ban kuma ga laifinsu ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wataƙila shi ne mai gaskiya. Tun ranar babu sa'ar da maganarsa ba ta faɗo mini a rai ba, ina wanki, ina sallah, ina tsaye a kasuwa.

Da yammacin ranar yarinyar ta sha kunu rabin kofi. Washegari ta ci shinkafa kaɗan. Ta koma makaranta bayan sadakar bakwai. Na ɗauka ba ta ji abin da Baba Babba ya faɗa mini ba, na manta kunnen 'ya'yan sojoji ba ya barci.

Jiya da rana na zuba mata abinci, ta sa shi a gaba tana juya cokali. Ƙaninta yana waje yana wasa.

"Umma," ta ce, "saboda ni kika faɗa masa, ko?"

Tsohuwar amsata ta zo har bakin leɓena. Na haɗiye ta na ce, "Eh."

"To in abin da Baba Babba ya ce ya faru, laifina ne?"

"A'a. Ke ba ki ce in faɗa ba. Ni na buɗe baki, ni na faɗa. In da laifi, nawa ne."

"Kina ganin zai faru?"

"Ban sani ba," na ce, hawaye suna zubo mini, ban kuma tashi na shiga kicin ba.

Ta daɗe tana duban fuskata. Ba ta waiga neman kowa ba. Sannan ta ja kwanon ta ci har ta suɗe, ta ce in ƙara mata miya. Nawa abincin na rufe shi na ajiye.

Ya, Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata miki makwanci, Ya sa ƙamshin aljanna ya fi duk wanda hannunki ya taɓa haɗawa. Ya yafe miki, Ya ba 'ya'yanki haƙurin rashinki. Jikarki tana ci tana sha, ta kuma yarda da ni. In kuskure na yi a kan autanki, ki yafe mini, ban ga wata hanya ba. Yau kwana goma sha huɗu ke nan bai sake kira ba.